Panschwitz-Kuckau: Garin Sorbawa a Gindin Gidan Zuhudu

Panschwitz-Kuckau ƙaramar gunduma ce a gabashin Jamus, cikin jihar Saxony, a kan hanyar da ta haɗa garin Kamenz da birnin Bautzen. Mutanenta kimanin 2,000 ne, warwatse a ƙauyuka fiye da goma, irin su Ostro da Lehndorf da Schweinerden. Ƙasar ƴan tudu ce da kwari, ga ƙasar noma mai kyau da ke karɓar alkama da sha'ir. Wani rafi da ake kira Klosterwasser ya ratsa tsakiyar gari, Panschwitz a wannan gaɓa, Kuckau a waccan, kuma sai a 1957 aka haɗe su suka zama gunduma ɗaya. Allunan sunan gari da ke bakin hanya da harshe biyu aka rubuta su, Jamusanci a sama, Sorbanci a ƙasa, inda sunan garin yake Pančicy-Kukow.

Sorbawa ba Jamusawa ba ne. Dangin mutanen Poland ne da na Czech, harshensu ma ya fi kusa da nasu. Kakanninsu sun sauka wannan yanki na Lusatia fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma har yanzu ana ganin sawunsu a Ostro, inda wata tsohuwar ganuwa ta ƙasa ke tsaye a kan tudu. Wasu mutanen da suka riga su ne suka fara gina ta, Sorbawa suka zo suka ƙara mata ƙarfi. A ƙarni na 10 sarakunan Jamus suka ci yankin da yaƙi, daga nan Sorbawa ba su sake samun sarautar kansu ba. A yau ana ƙiyasta yawansu da kimanin 60,000, kuma da yawa daga cikinsu ba sa jin harshen kakanninsu. Amma a nan bakin Klosterwasser yara suna tasowa da shi a gida da makaranta da coci. Dalilin haka yana bayan dogon bangon da ke tsakiyar garin.

A 1248 iyayengijin Kamenz suka kafa gidan zuhudu na mata mai suna St. Marienstern, na ɗariƙar Cistercian. Gidan ya mallaki gonaki da dazuzzuka da ƙauyuka masu yawa, har da garuruwan Wittichenau da Bernstadt. Uwar gidan zuhudun ta zama tamkar hakimiya: manoman Sorbawa suna kai mata haraji, suna yi mata aikin gandu, ita kuma tana yanke musu shari'a. Gidan ya sha wuya. Mayaƙan Hussite daga Bohemia sun ƙone shi a 1429, sojojin Sweden kuma sun washe shi a lokacin Yaƙin Shekara Talatin. Duk da haka, tun daga kafuwarsa har yau ba a taɓa rushe zaman zuhudu a cikinsa ba.

Da wa'azin Martin Luther ya bazu a ƙarni na 16, galibin Lusatia, har da mafi yawan Sorbawa, suka koma Furotesta. Gidan zuhudun ya tsaya a kan Katolika, ya kuma riƙe ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ko da yankin ya fita daga hannun Bohemia ya koma na Saxony a 1635, sai da aka rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a taɓa gidajen ibadar Katolika ba. Nan ne abin ya yi wa harshen rana. Mutanen waɗannan ƙauyuka suka zama tsibiri, addininsu dabam da na maƙwabta, don haka auratayya ta tsaya a tsakaninsu. Yaro ya auri ƴar ƙauyen gaba, wadda ita ma da Sorbanci take addu'a, ƴaƴa su tashi a kan haka. Gidan da masu mulkin Jamusawa suka gina, wanda ya daɗe yana cin gumin manoman, shi ne ya zame musu katanga.

Akwai kuma sa'ar ƙasa. A arewacin Lusatia haƙar kwal ta cinye ƙauyuka fiye da ɗari, aka tashi mutanensu aka zuba su cikin birane, inda harshen ya narke. Gonakin Panschwitz-Kuckau ba su shiga wannan rami ba, manomi ya ci gaba da zama a gidan ubansa.

A Kuckau aka haifi Jakub Bart-Ćišinski a 1856, babban mawaƙin Sorbawa kuma limamin coci. A Prague ya yi karatu, ya dawo ya duƙufa ga nuna cewa harshen manoma zai iya ɗaukar waƙa mai zurfi. Ya rasu a Panschwitz a 1909, aka binne shi a Ostro. Bayansa aka ga baƙar rana: a 1937 gwamnatin Nazi ta haramta Domowina, babbar ƙungiyar Sorbawa, ta hana jaridunsu, ta kwashe malaman makaranta da limamai daga yankin. A watan Afrilu na 1945 kuma aka gwabza ƙazamin faɗa a kewayen garin, inda sojojin Poland da yawa suka kwanta dama. Zamanin Jamus ta Gabas ya zo da gonakin haɗaka, amma gidan zuhudun ya tsira, har ya buɗe wurin kula da mata masu naƙasa a 1973.

Ranar da garin ke cika maƙil ita ce Lahadin Ista. Tun kwana ɗaya kafin nan ake wanke dawaki, a kitse musu geza, a ɗaura musu kintinkiri a wutsiya. Mazaje su sa doguwar baƙar kwat da doguwar hula, su jeru bibbiyu, masu tutoci da gicciye a gaba. Su kewaya farfajiyar gidan zuhudu suna rera waƙoƙin ibada da Sorbanci, sannan su nufi Crostwitz, su ma mahayan can su kawo tasu ziyara. Wanda ya san hawan salla zai gane ɗokin da ke fuskar yaron da aka ba linzami karon farko.

A yau Panschwitz-Kuckau ce hedkwatar haɗakar gundumomi biyar na bakin rafin, tare da Crostwitz da Nebelschütz da Räckelwitz da Ralbitz-Rosenthal. A nan ne kuma Stanislaw Tillich, Basorben da ya shugabanci gwamnatin Saxony daga 2008 zuwa 2017, ya daɗe yana zaune. Doka ta ba harshen kariya, sai dai damuwar dattawa ta koma wani wuri. Haihuwa ta ragu, matasa suna tafiya Dresden da yammacin Jamus neman aiki, aure da waɗanda ba Sorbawa ba ya zama ruwan dare. A 2001 iyaye a Crostwitz sun yi makonni suna zanga-zanga don kada a rufe musu makarantar sakandare ta Sorbanci, amma daga baya aka rufe ta saboda ƙarancin ɗalibai. Tun daga lokacin, yawan yaran da ake rubutawa a aji ɗaya kowace shekara ya zama lissafin da kowane ƙauye a nan ke sa wa ido.