Tsayin Doki da Ƙananan Dawaki a Ƙasar Katagum

Awon tsayin doki da tafin hannu a Ingila aka daidaita shi, a zamanin Sarki Henry na Takwas, wajen 1540, aka ce tafi ɗaya inci huɗu ne, wato santimita 10.16. Ana tsayar da doki a wuri mai shimfiɗa, a kafa sandar awo daga ƙasa zuwa tudun da ke tsakanin kafaɗunsa, inda wuya ya haɗu da baya. Ba a auna kai, don kai na sama yana ƙasa. In an rubuta 14.2, ana nufin tafi 14 da inci 2, kimanin santimita 147, kuma nan ce iyakar da Turawa suka sa tsakanin babban doki da ƙarami.

Dillalin doki a Azare ko Sakwa ba da sanda yake fara ciniki ba. Zai buɗe bakin dokin ya duba haƙori, ya shafa ƙirji, ya ɗaga kofato, sannan a yi maganar launi: akawal ne, kili ne, ko gunya. Taƙi da kamu sun fi amfani wajen awon zane da igiya. Bisa iyakar 14.2 ta Turawa kuwa, dawakin Hausa da Barno da yawa sun faɗa cikin ƙanana, alhali ingarmun yaƙi ne. Kuru, wato ƙaramin doki na ainihi, daban yake.

Kuru shi ne tsohon dokin wannan yanki. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa ƙananan dawaki sun riga manya zuwa, manyan kuma ta Sahara aka shigo da su da yawa tun wajen ƙarni na 14, tare da sirdi da likkafa. Wannan ya dace da abin da Tarihin Kano ya ce game da Sarki Kananeji, wanda a zamaninsa aka fara lifidi da sulke da kwalkwali. Kuru ba zai ɗauki barde da wannan nauyi ba. A farkon ƙarni na 16 Leo Africanus ya ba da labarin Sarkin Barno yana sayen doki ɗaya da bayi 15 zuwa 20. Kuru kuwa sai ya saura a duwatsun Jos, hannun Birom da Angas, da kwarin kogin Logone a Chadi da Kamaru, inda bai cika wuce santimita 125 ba. Ana hawansa ba sirdi, yana jure yunwa da hawan dutse fiye da ingarman barga.

Katagum na kan hanyar Barno zuwa Kano, hanyar da manyan dawaki ke bi. Wasu na sa kafuwar masarautar a hannun Malam Zaki a 1807, wasu a 1809. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne rasuwarsa a 1814; daga baya Ɗankauwa ya hau sarauta. Ɗankauwa ne matafiyi Bature Hugh Clapperton ya tarar a Janairun 1824, ya rubuta cewa sarkin na iya fitar da mahaya 4,000 da dakaru 20,000. Ya kamata a ɗauki wannan adadi a matsayin na ƙasar gaba ɗaya, har da dawakin hakimai da dagatai.

An mayar da fadar Katagum zuwa Azare a 1916, doki ya koma na hawan Sallah da sukuwa. Masu kula da bargar sarki da likitocin dabbobi na Jihar Bauchi su riƙa auna dawakin da ke fitowa hawa, su rubuta tsayi da launi da asalin kowanne.