Daga Madafi Zuwa Kicin: Tarihin Wurin Girki a Ƙasar Haɗeja

Idan mata suka je ganin ɗakin amarya a birnin Haɗeja a wannan zamani, ba su ɗaukar cewa sun ga gida sai an buɗe musu kicin. A nan za a tsaya ana shafa tayil, ana jawo aljihunan kabad, ana ƙirga kuloli da tukwane masu murfin gilashi. Amma duk wadda ta komo gidan bayan wata uku, da la'asar sakaliya, sau da yawa ba a cikin wannan ɗaki za ta tarar da tuwo yana sulala ba. Za ta tarar da shi ne a wani lungu na tsakar gida, a kan kurfoti ko murhun itace, uwargida tana zaune a kujera 'yar tsugunno. Yadda aka yi gida ɗaya ya wayi gari da wuraren girki biyu, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa.

Ya kamata a soma da kalmomin kansu. Madafi, ko madafa, sunan wuri ne da aka ƙera daga aikatau dafa, bisa tsarin da ya haifar da masallaci da marina da majema. Sai dai abin lura shi ne, ba wannan kalma ce ta fi nauyi a bakin Bahaushiya ba. Wadda ta fi nauyi ita ce girki, daga girka, watau ɗora tukunya a kan wuta. A gidan mata biyu ko uku ko huɗu, idan aka ce wance ce da girki, an faɗi wadda za ta ciyar da gida, an kuma faɗi wadda ke da turaka a kwanakin nan. Ana karɓar girki, ana fita girki, ana kuma kai ƙara gaban manya a kan kwanan girki. Ke nan a al'adar Bahaushe dafa abinci hakki ne da ke zagayawa tsakanin mutane, wurin da ake yin sa kuwa bai dami harshe sosai ba. Shi ya sa da ɗakin girki irin na Turawa ya zo, ba a wahalar da madafi ba, sai aka ari sunansa na Ingilishi aka ce kicin.

A tsohon tsarin gida, bayan an wuce zaure da shigifa, tsakar gida ita ce fagen mata, kuma a nan murhu yake. Da rani a fili ake girki, a gindin katanga inda iska ba ta kaɗawa. Da damina a koma ƙarƙashin rumfa, ko wani ɗan ɗaki na jinka wanda hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Murhun kuwa duwatsu uku ne, ko curin ƙasa uku a inda dutse ke da wuya, kamar yadda yake a wannan yanki na rairayi da laka. Mai kallo daga nesa zai ɗauka talauci ne ya tsai da mutane a kan duwatsu uku. A haƙiƙa akwai hikima a ciki. Ƙafa uku ba ta gurgunta ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Ana matso su ko a buɗa su gwargwadon girman tukunya. Tukunyar ƙasa mai kewayayyen gindi tana zama daram a kansu. Wuta kuma ana ƙara ta ko a rage ta ta hanyar iza itace ko janye shi. Uwa uba, murhu yana ƙasa. Tuƙin tuwon mutum ashirin aikin ƙarfi ne: bayan an yi talge an zuba gari, mace za ta riƙe muciya da hannu biyu, ta sa nauyin kafaɗa da baya, wani lokaci ta tokare tukunyar don kada ta goce. Wannan ba ya yiwuwa sai tukunya tana ƙasa da gwiwa. Kusa da murhu akwai turmi da dutsen niƙa da randa, kowanne yana bukatar ƙasa mai ɗaukar duka da shan ruwa.

Abin da ya bambanta Haɗeja da sauran ƙasar Hausa shi ne kogi. Kowace shekara ruwan da ya taso daga yammacin Kano yakan malale fadamu tun daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri, ya nufi Nguru, sa'an nan ya janye ya bar danshi da kifi. Saboda haka madafin mutumin fadama ya tara ayyukan da babu su a tudu. A nan ake turara shinkafa kafin a kai ta casa, aikin da ke cin manyan tukwane da itace mai yawa. A nan ake ƙyafe kifi a mai da shi banda, wanda har yau kasuwar Haɗeja ta yi suna da shi. Makamashi ma fadama ce ke bayarwa: giyayya da bagaruwa daga kurmi, ƙodagon goruba, karan dawa, da busasshen kashin shanun Fulani masu sauka da rani. Matan da ke cikin kulle kuwa murhunsu shi ne kasuwarsu, don daga nan ƙosai da waina da fura da ƙuli-ƙuli ke fita a kan 'yan mata masu talla. Daɗin daɗawa, madafin fadama abu ne da ba a kuka idan ruwa ya ci shi. Ƙasa ce da kara da zana. Ambaliya ta wuce, a kwaɓa laka a sake wani cikin kwana biyu.

Hayaƙi yana da nasa amfani, domin yana korar gara daga jinka, yana kuma tsare irin shuka da busasshiyar kuɓewa da aka rataye a sama. Amma ba kyauta yake yin wannan aiki ba. Idon mata da ƙirjinsu da na goyon da ke bayansu su ne ke biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga irin wannan girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Ga kuma gobarar hunturu, wadda tartsatsi ɗaya kan ishe ta cinye danga da rumbu. Wanda ke yabon murhun gargajiya daga kan kujerar ofis, ya kamata a gayyace shi ya hura wutar ɗanyen itace a watan Agusta.

Juye-juyen sarauta, tun daga zamanin Sarki Sambo a farkon ƙarni na 19 har zuwa cin garin da Turawa suka yi a 1906, ba su gusar da duwatsun murhu daga inda suke ba. Canji ya biyo hanyar ciniki ne. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori, inda gyaɗa ke fita kayan kanti ke shigowa. Daga cikin kayan akwai kwano, kalmar da Hausa ta ba wa mazubin abinci na ƙarfe ta kuma ba wa rufin ɗaki, su biyun kuwa duk sun shafi girki. A shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun kwanuka masu fenti a Nijeriya, har da Kano, sai farashi ya sauko, langa da samira suka cika kasuwannin ƙauye.

A nan ne ake bukatar natsuwa, don a nan bakin zaren yake. Waɗannan kwanuka ba madafi suka nufa ba, ɗakin amarya suka shiga. Tun asali akwai al'adar jere, inda uwa ke tara wa 'yarta ƙorai masu zane da tasoshi, a jera su a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kayan jere ba na amfanin yau da kullum ba ne. Shaida ce ta gatan yarinya, kuma dukiya ce tata ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar matsi ko ta ajiye wa tata 'yar. Kwano ya gaji ƙwarya a bango, daga baya faɗi-ka-mutu ya gaji kwano a cikin kabad mai gilashi, kuloli kuma suka biyo baya. Duk tsawon wannan lokaci abinci yana can tsakar gida yana dahuwa a kan itace.

Shi kuwa kicin, asalinsa nesa ne. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wani ɗan ɗakin girki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, aka yi irinsa wajen dubu goma. Manufarta ita ce mace ɗaya ta gama aikinta da taku kaɗan, komi yana jikin bango inda hannu zai kai. A shekarun 1940 masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka ƙara ƙa'idar kusurwa uku, watau a daidaita tazarar da ke tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da firji. Wannan tsari ya ginu ne a kan zato huɗu: mai girki ɗaya ce, iyali kaɗan ne, gari yana zuwa a niƙe daga kanti, ruwa da wuta kuma ba su yankewa. Ko ɗaya daga cikin huɗun bai dace da babban gida a Haɗeja ba. Ta gidajen ma'aikatan gwamnati ya fara shigowa ƙasar Hausa, ya ƙara yaɗuwa bayan kuɗin Udoji na 1975, lokacin da risho da firji suka zama abin da albashi ke iya saye. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata da yawa suka komo gida daga Kano da irin ginin da idonsu ya saba da shi.

Risho ya yi zamaninsa, amma bai daɗe a kan gado ba. Wahalar kananzir ta shekarun 1990 ta haifar da murhun gwangwani da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha. Janye tallafin kananzir a 2016 ya ƙarasa kashe risho a yawancin gidaje, masu hali suka koma gas, marasa hali suka koma gawayi, kuma duk lokacin da gas ya yi tsada sai masu halin ma su bi sahu. Nauyin wannan komowa a kan itatuwan fadama yake sauka, alhali ita kanta fadamar ba yadda aka san ta take ba. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canza lokacin zuwan ruwa da yawansa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu wurare suka bushe, wasu ruwa ya zauna musu. Ambaliyar 2001 da ta 2010 da ta 2022 sun nuna cewa ruwan da a dā ake jira da murna yanzu yana iya shigowa har ɗaka.

To, a irin wannan ƙasa ce ake kafa kabad na matsattsen garin katako tun daga daɓe, abin da in ya sha ruwa na yini ɗaya sai ya kumbura ya ruɓe. Ana ɗora kanta mai tsayin santimita 90, wadda babu macen da za ta tuƙa tuwon gida a kanta. Ana shimfiɗa tayil mai santsi wanda bugun taɓarya uku zai tsaga. Dalilin da ya sa ake jure wa duk wannan shi ne, kicin na zamani ba madafi ya gada ba, jere ya gada. Iyayen amarya ne ke cika shi, 'yan ganin ɗaki ne ke yanke masa hukunci, kuma da yawa daga cikin iyayen da bashi suke fita wannan kunya. A gidan kishiyoyi ma ya sauya ma'anar girki, don kowace tana son nata kicin da nata mabuɗi, abin da ya sa maigida mai gyaran gida yake gina uku a inda kakansa ya wadatu da rumfa ɗaya.

Ba wai kicin ba shi da rana ba. Ya raba mace da hayaƙi, ya ɗaga abinci daga inda kaji da ƙura ke kaiwa, ya sa shayin asuba da abincin 'yan makaranta sun zama aikin minti goma. Gyaran da ya fi dacewa da Haɗeja shi ne wanda ya karɓi wannan amfani, ya kuma yarda tun a kan takarda cewa gidan zai yi girki iri biyu. A irin wannan tsari ana ɗaga daɓen kicin sama da tsakar gida, a zuba dakali na siminti a ƙarƙashin kabad, a yi kantoci da kankare maimakon katako, a kai mahaɗar lantarki can sama. Tukunyar gas tana zama a waje cikin ɗan keji mai shan iska. Ana buɗe ƙofa ta biyu zuwa wata rumfa mai rufin kwano da mafitar hayaƙi, inda za a gina murhu gajere daidai zaman kujera, a bar wani gefe da ƙasa tsura domin turmi, a ajiye randa ko tanki saboda ranar da famfo ya ƙafe. A wannan rumfa ne za a yi tuwon suna da na sadakar bakwai, a turara shinkafar kaka, a ƙyafe kifin da aka aiko daga Guri. Kuɗinta bai kai na kabad ɗaya mai ƙyalli ba, amma ita ce magini kan manta da ita, sai bayan an tare uwargida ta sa yara su nemo mata duwatsu uku.