Mene ne homeyofati?

Homeyofati, wadda Faransawa ke kira homéopathie, hanyar magani ce da likitan Jamus Samuel Hahnemann ya fito da ita a 1796. A ganinsa, abin da ke jawo wa mai lafiya alamun wata cuta shi ne maganinta. Ana surka shi da ruwa ana girgizawa sau da yawa, har yakan zama babu abin da ya rage na ainihin maganin, sannan a ɗiga a ƙwayoyin sukari. Faransa ta daina biyan kuɗinsa ta inshorar lafiya a 2021. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi masu neman sa don zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka. Yaro mai zazzaɓi a New Bell, a kai shi asibiti gwajin jini.