Shinkafar Dajin Mali da Asalin Ilimin Garkuwar Tsirrai

Tun da aka amince da masarar TELA a Nijeriya a farkon 2024, muhawara kan irin da aka taɓa wa ƙwayoyin halitta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu so da masu ƙi duk suna magana kamar juriyar shuka abu ne da Turawa ke ƙerawa a ɗakin gwaji. Tarihin wata ƙwayar halittar shinkafa mai suna Xa21 ya nuna inda juriyar take fitowa.

Manoma sun daɗe da lura cewa idan cuta ta faɗa wa gona, wasu tsirrai kan tsira, kuma daga cikinsu ake ajiye iri. A 1905 Rowland Biffen na Jami'ar Kambirij a Ingila ya nuna cewa juriyar alkama ga cutar tsatsa gado ce. Daga shekarun 1940 Harold Flor a Amurka ya ƙara da cewa kowace ƙwayar juriya a jikin shuka tana da takwararta a jikin cutar, kamar mai gadin da ba ya kama ɓarawo sai wanda ya san fuskarsa. Sai dai an shafe shekaru kusan 50 ba wanda ya riƙe irin wannan ƙwaya a hannu.

A Asiya kuwa, cutar bakteriya mai ƙona ganyen shinkafa tana ta cinye amfanin manoma. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Indiya suka gano cewa wata shinkafar daji da aka ɗebo daga Mali, mai suna Oryza longistaminata, ba ta kamuwa da yawancin nau'o'in cutar. Gurdev Khush na cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin ya yi shekaru yana haɗa ta da shinkafar noma, har a 1990 aka raɗa wa ƙwayar juriyar suna Xa21.

Nan masaniyar tsirrai Pamela Ronald ta shigo. A 1995, a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ita da abokan aikinta suka ware ƙwayar, suka gano cewa tana samar da wani furotin da ke zaune a fatar tantanin shuka, ɓangare ɗaya a waje yana shinshino cuta, ɗayan a ciki yana tayar da garkuwa. Wasu na rage darajar aikin da cewa an riga ta, domin an ware ƙwayoyin juriya a masara a 1992, a tumatir a 1993. Gaskiya ne, amma a ganina Xa21 ce ta fi bayyana siffar wannan mai gadi. Sai a 1996 da 1998 aka gano rawar da makamantansa ke takawa a ƙuda da ɓera, aikin da ya ci kyautar Nobel a 2011. Aikin shinkafa bai shiga kyautar ba.

Ronald ta yi tuntuɓe. A 2013 ta janye da kanta wata takardar da ta wallafa a 2009 kan abin da Xa21 ke shinshinowa, bayan ta gano kuskure a ɗakin gwajinta. A 2015 suka kawo amsar da ta tsaya, wato furotin RaxX na bakteriyar. Na fi ganin girmanta a nan fiye da kyautar Wolf da aka ba ta a 2022.

Yau Xa21 tana cikin shinkafar Samba Mahsuri da aka inganta a Indiya a 2008, kuma ta hanyar barbarar iri aka shigar da ita. To, Mali fa? Jami'ar Kalifoniya ta yi rajistar mallakar ƙwayar, sannan a 1996 ta kafa asusu don ƙasashen da aka ɗebo iri daga cikinsu su amfana. Kamfanonin da suka karɓi lasisi ba su fitar da komai kasuwa ba, kuɗin da aka sa rai bai shigo ba.

Wannan shinkafar daji tana nan a fadamun Sahel har yankin Tafkin Chadi, manoma na tuge ta a matsayin ciyawa. Ya kamata cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da cibiyar binciken noma ta INRAN a Nijar su tattara ta, su adana, su rubuta sunan kowane garin da aka ɗebo ta.