Cika, mara da gagara-rabo: ire-iren lambobi da amfaninsu wajen rabo

Jama'a masu saurare, da ƴan uwa da ke ci-rani, sau da yawa rigimar rabo ba daga rashin amana take tasowa ba, daga lambar kanta ne. Wata lamba tana rabuwa daidai, wata kuwa ko an kwana ana lissafi sai ta bar saura. Ga yadda ake bambanta su.

Cika da mara. Cika ita ce lambar da ke rabuwa biyu ba saura, kamar 2, 8 ko 40. Mara kuwa kullum tana barin ɗaya, kamar 3, 9 ko 41. A dubi ƙarshen lambar: in 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, to cika ce.

Gagara-rabo. Wannan ba mai raba ta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Tsakanin 1 da 100 akwai guda 25, kuma 2 kaɗai ce cika a cikinsu. Tumaki 13 ba su rabuwa daidai ga gida 2, 3 ko 4, sai an sayar an raba kuɗi. Masanin lissafi Bagirke Yuklid ya nuna, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

Mai rabuwa. Ita ce wadda ke da wasu masu raba ta bayan 1 da kanta. Buhun hatsi mai tiya 40 a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi yana rabuwa ga mutum 2, 4, 5, 8, 10 ko 20. Amma in mutum 3 ne, kowa 13, saura tiya ɗaya. Ita 1 ba ta cikin gagara-rabo, ba ta cikin masu rabuwa.

Dabarar ganewa. Lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa biyar. Don rabo uku kuwa, a tara lambobin da ke cikinta. Ɗauki 51: 5 da 1 shida ke nan, shida na rabuwa uku, don haka jika 51 gida uku kowa 17. Jika ɗaya kuwa dala 200 ce, in an raba uku kowa dala 66, saura 2.

Shi ya sa malamai masu rabon gado ke yawan komawa ga 6, 12 da 24. A cikin 24, rabi 12 ne, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, tumuni 3, duk ba saura.

To, ɗan uwa da ke Kano, Legas ko Libiya, kafin ka aiko da saƙo ka ƙirga masu karɓa, ka zaɓi adadin da zai rabu daidai. In kuma dole a samu saura, ka faɗi mai shi tun daga waya.