Daga Marisuwa Zuwa Korona: Tallafin Gwamnati da Manomin Ƙasar Rano

A ƙarshen shekarar 1918 annobar mura da kakanninmu suka laƙaba wa suna Marisuwa ta iso ƙasar Kano, shekaru huɗu kacal bayan yunwar 1914. Manomin wancan zamani da gwamnati haraji ne ya haɗa su, saboda haka abin da ya dogara da shi rumbunsa ne, da danginsa, da zakkar masu hali.

Bayan shekara ɗari da biyu, sai ga korona. An tabbatar da ɓullarta a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, kafin ƙarshen watan kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar baki ɗaya. Mu da ke birane abin da muke tunawa shi ne zaman gida cikin azumi. A Madachi da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya kuwa, kullen ya faɗo ne a daidai lokacin sharar gona, lokacin da magidanci kan kai akuya ko buhun hatsi kasuwa domin ya sayo taki, ɗan ci-rani kuma yake haramar komowa gida da ɗan abin da ya tara. Kasuwa ta tsaya, hanya ta toshe, ga damina ta ƙarato.

A wannan karon, alal haƙiƙa, gwamnati ta motsa. An ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan tarayya, an rage farashin buhun takin gwamnati daga naira 5,500 zuwa 5,000, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ware naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL. To amma ƙofar shiga wannan tsari ta intanet ce. Sai mai asusun banki da lambar BVN, da wayar zamani ko ɗan da zai cika masa fom. Dattijon da ajiyarsa ke cikin turke da rumbu, ta ina zai bi? Bugu da ƙari, da yawa sun ɗauka kyauta ce, alhali rance ne, ba su farga ba sai da aka fara neman biya.

Shirin da ya fi kusa da manomi shi ne NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2020 kan dala miliyan 750. Sashensa na noma ya biyo ta ofisoshin Fadama, kuma maimakon kuɗi a hannu, iri da taki da injin ban-ruwa da dabbobin kiwo aka riƙa bayarwa ta hannun ƙungiyoyin manoma. Ƙa'idarsa ita ce jiha ta fara kashe nata, a tantance aikin, sannan a mayar mata. Tsari ne mai tsare amana, sai dai yana da nawa: lokacin da aka ƙaddamar da shi a 2022, damina biyu sun riga sun wuce.

A ganina, takin da ya shiga gonakinmu a daminar 2020 akasarinsa daga aljihun 'ya'yan garin nan da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas ya fito, waɗanda su kansu suna kulle, amma suka riƙa turo kuɗi ta hannun masu POS. Babu ofishin da ya rubuta adadinsa. Rajistar manomanmu kuwa, wadda da ita ake shiga irin waɗannan shirye-shirye, aiki ne da ya kamata wannan ƙungiya ta sa a gaba tun kafin taron shekara mai zuwa.