Dokar Godwin: Lauyan da ya lura cewa doguwar muhawara a intanet takan kai ga sunan Hitler

A watan Yulin 2007 gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da shafin Wikipedia, ta sanar da cewa ta ɗauki sabon babban lauya. Ba kasafai irin wannan sanarwa daga ƙungiyar da ba ta neman riba take jan hankalin kowa ba, amma wannan ta ja, saboda sunan wanda aka ɗauka: Mike Godwin.

Mutanen da suka daɗe suna amfani da intanet sun san sunan tun kafin su san cewa mai shi lauya ne. Shi ne ya ƙirƙiro abin da ake kira Dokar Godwin, wata gajeriyar jimla da ke bayyana yadda gardama takan lalace tsakanin mutanen da ba sa ganin juna. Lokacin da ya kama aiki, tuni Wikipedia tana da maƙala a kan dokar tasa.

Me dokar ta ce?

Godwin ya tsara ta a 1990, kuma ga ma'anarta: gwargwadon yadda muhawara ta yi tsawo a intanet, gwargwadon yadda yiwuwar wani ya kwatanta abokin gardamarsa da Hitler ko 'yan Nazi take ƙaruwa, har ta kusa zama tabbas.

Babu majalisar da ta zartar da ita, babu kotun da ke aiki da ita. Godwin ya ba ta siffar dokokin kimiyya da lissafi ne da gangan, cikin barkwanci, domin ta zauna a zukatan mutane. Ta kuwa zauna, har ƙamus ɗin Oxford na Ingilishi ya shigar da ita a 2012.

Daga baya masu amfani da intanet suka ƙara mata wata al'ada: duk wanda ya fara ambaton Hitler ya sha kaye, kuma an rufe zancen. Wannan ƙari ba ya cikin abin da Godwin ya rubuta, ko da yake mutane da yawa shi suke nufi idan sun ambaci dokar. Akwai ma waɗanda suka sake yin gyara, suka ce idan mutum ya jefo sunan Hitler da niyyar kashe muhawarar da ta fi ƙarfinsa, to ba za a rufe ta ba.

Yadda ɗalibi ya zama lauyan farko na EFF

An haifi Godwin a 1956, ya yi karatu a Jami'ar Texas da ke birnin Austin, inda ya taɓa zama editan jaridar ɗalibai ta The Daily Texan. Yana shekararsa ta ƙarshe a karatun shari'a wani abu ya faru a birnin wanda ya sauya masa alkibla.

Ranar 1 ga watan Maris na 1990 jami'an hukumar Secret Service, wadda ke gadin shugaban Amurka kuma take binciken wasu laifukan kuɗi da na kwamfuta, suka kai samame wani ƙaramin kamfanin wallafa wasanni mai suna Steve Jackson Games. Suka kwashe kwamfutoci, ciki har da wadda ke ɗauke da saƙonnin imel na abokan hulɗar kamfanin, da kuma rubutun wani littafi da ake shirin bugawa. Ba a tuhumi kamfanin da laifin komai ba, amma asarar da ya yi ta sa ya sallami ma'aikata da dama.

Godwin na cikin waɗanda suka yi ta yaɗa labarin samamen a zaurukan tattaunawa na kwamfuta, yana fayyace abin da ya gani a matsayin keta haƙƙi. A watan Yulin wannan shekara Mitch Kapor da John Perry Barlow da John Gilmore suka kafa ƙungiyar Electronic Frontier Foundation, wadda aka fi sani da EFF, domin kare 'yancin jama'a a sabuwar duniyar sadarwa. Kafin shekarar ta ƙare suka ɗauki Godwin a matsayin lauyan ƙungiyar na farko.

EFF ta tsaya wa kamfanin ya kai ƙara, kuma a 1993 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa hukumar ta saɓa doka, ta umarci a biya diyyar sama da dala 50,000. Ana yawan ambaton shari'ar a cikin na farko da suka nuna cewa saƙon imel ma yana da kariyar doka.

Godwin ya kuma kasance cikin lauyoyin da suka ƙalubalanci wata dokar Amurka ta 1996 da ta nemi hukunta masu wallafa kalaman rashin ɗa'a a intanet. A watan Yunin 1997 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke waɗannan sassa na dokar, ta ce sun ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki da tsarin mulki ya tanada.

Me ya sa ya ƙirƙiro dokar?

A shekarun da Godwin ya fara zama a zaurukan Usenet, inda ɗalibai da malaman jami'a da injiniyoyi ke musayar rubutu tun kafin zuwan Facebook da WhatsApp, ya lura da wani abu da ke ta maimaituwa. Ya ba da labarinsa a wata maƙala da mujallar Wired ta buga a 1994.

Idan ana gardama kan taƙaita mallakar bindiga, sai wani ya ce ai Hitler ma ya karɓe makaman jama'a. Idan kan zubar da ciki ne, sai a kawo sansanonin kisa na 'yan Nazi. Idan aka zo batun tace rubuce-rubuce, sai a tuno da ƙona littattafai da aka yi a Jamus. Kowane ɓangare yana da nasa Hitler ɗin.

Abin da ya dame shi shi ne yadda wannan ɗabi'a ke rage nauyin abin da ya faru a tarihi. Gwamnatin Nazi, wadda ta mulki Jamus daga 1933 zuwa 1945, ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida a wani shiri na ƙare dangi, ta kuma kashe 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da fursunonin yaƙi da 'yan adawa masu ɗimbin yawa. Idan mutum ya kira mai kula da zaure ɗan Nazi don kawai ya goge masa saƙo, to ya mayar da wannan tarihi abin zagin yau da kullum.

Godwin bai nemi a hana kowa magana ba. Abin da ya yi shi ne, duk inda ya ga irin wannan kwatance na ganganci sai ya liƙa jimlarsa a ƙasa. Ba a daɗe ba wasu suka fara yin hakan ba tare da shi ba. Daga baya ya bayyana cewa burinsa shi ne masu saurin ambaton Hitler su ɗan tsaya su yi tunani mai zurfi a kan kisan kiyashin da suke wasa da sunansa.

Tun kafin intanet an san matsalar. A farkon shekarun 1950 masanin falsafa Leo Strauss, Bayahude haifaffen Jamus da ya koma Amurka, ya yi gargaɗin cewa ba a rusa hujja da cewa Hitler ma ya yarda da ita. Misalin da aka saba bayarwa shi ne gwamnatin Nazi ta yi yaƙi da shan taba, kuma wannan bai mayar da likitan da ke hana shan taba ɗan Nazi ba.

Me ya sa Wikimedia ta buƙaci lauya irinsa?

An kafa gidauniyar Wikimedia a 2003 a jihar Florida. Ita ce ke riƙe da na'urorin da Wikipedia ke gudana a kansu a harsuna daban-daban, har da Hausa, amma 'yan sa-kai ne ke rubuta maƙaloli. A 2007 shafin ya riga ya shiga sahun waɗanda aka fi ziyarta a duniya, alhali ma'aikatan gidauniyar ƙalilan ne, kuma da gudummawar jama'a take rayuwa.

Haɗarin a fili yake. Shafin da kowa zai iya gyarawa, kowa ma zai iya rubuta ƙarya a cikinsa. A 2005 wani ya rubuta cewa an taɓa zargin tsohon ɗan jarida John Seigenthaler da hannu a kisan John F. Kennedy da ƙanensa Robert, kuma ƙagen ya yi kimanin wata huɗu a shafin kafin a cire shi. Ƙara guda mai tsada ta isa ta durƙusar da ƙaramar ƙungiya.

Garkuwar da irin waɗannan shafuka ke dogaro da ita a Amurka ita ce Sashe na 230, wani ɓangare na waccan doka ta 1996 wanda hukuncin Kotun Ƙoli bai taɓa ba. Sashen ya ce ba za a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a kai ba. Godwin ya san wannan fage ciki da waje.

Rigimar da aka fi tunawa da ita a zamaninsa ta auku a 2010, lokacin da hukumar FBI ta rubuto tana neman a cire hoton hatiminta daga Wikipedia. Godwin ya mayar da amsa cewa dokar da suka kafa hujja da ita an yi ta ne domin hana yaudara da bajo da katin shaida na jabu, ya kuma nuna cewa wasiƙar hukumar ta tsallake wasu kalmomi na dokar. Ya ce gidauniyar a shirye take a haɗu a kotu. Hatimin bai bar shafin ba. Godwin ya bar aikin a watan Oktoban wannan shekara.

Daga zauren intanet zuwa bakin shugabanni

Abin da Godwin ya gani a tsakanin ɗalibai ya bayyana a manyan wurare. A watan Satumban 2002 an ruwaito ministar shari'ar Jamus, Herta Däubler-Gmelin, tana kwatanta dabarun Shugaba George W. Bush da na Hitler. Ta musanta yadda aka kawo kalamanta, amma ba ta dawo cikin majalisar ministoci ba bayan zaɓe.

A watan Mayun 2016, ana tsaka da yaƙin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Boris Johnson ya ce tarayyar tana neman haɗe nahiyar kamar yadda Napoleon da Hitler suka nema, sai dai ta wata hanya. A watan Maris na 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya zargi Jamus da halayyar 'yan Nazi bayan an soke tarukan ministocinsa a wasu garuruwan ƙasar. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Putin ya ce kakkaɓe aƙidar Nazi na cikin dalilan shigarsa Yukren, ƙasar da shugabanta Bayahude ne. Shekara biyu bayan haka Shugaba Lula na Brazil, yana magana a Addis Ababa, ya kwatanta abin da ake yi a Gaza da abin da Hitler ya yi wa Yahudawa, Isra'ila kuma ta ce ba ta maraba da shi.

Waɗannan batutuwa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma mutane sun rabu kan wanne ne ya dace da kwatancen. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne, da zarar sunan ya fito, hankali yakan koma kan kalmar, ainihin batun kuma ya koma gefe na wani lokaci.

Masu jin Hausa sun san makamancin wannan. A gardamar siyasa ba a rasa wanda zai kira mai mulki Fir'auna, har harshen ya samu kalmar fir'aunanci. Kowace al'umma tana da sunan da ya zama ƙarshen mugunta a wurinta, kuma wanda hujja ta ƙare masa yakan miƙa hannu can.

Shin dokar gaskiya ce?

Ta fuskar lissafi, kowace kalma za ta iya fitowa idan zance ya yi tsawo sosai, don haka dokar ba ta faɗi abin mamaki ba. Wasu masu bincike sun gwada ta a kan saƙonni kusan miliyan 199 na shafin Reddit, suka wallafa sakamakon a 2021, inda suka ce ba su ga alamar cewa tsawon muhawara na ƙara yawan ambaton Hitler ko 'yan Nazi ba.

Wannan bai kashe dokar ba, domin tun asali jan kunne aka yi ta don shi. Sai dai ita ma tana da tata illar. Akwai masu amfani da ita su toshe bakin wanda ya kawo kwatance mai tushe, ko da a gaban ƙungiyoyin da ke ɗaga tutar Nazi da hannunsu.

Yaushe kwatancen yake halatta?

Godwin da kansa ya sha amsa wannan tambaya. A watan Disamban 2015 ya rubuta a jaridar Washington Post cewa wanda ya yi nazari kuma ya san tarihi da gaske yana iya ambaton Hitler idan yana magana kan Donald Trump ko wani ɗan siyasa. A watan Agustan 2017, bayan gangamin masu fifita farar fata a Charlottesville na jihar Virginia, inda aka ga tutocin Nazi kuma aka kashe wata mata da mota, ya fito fili ya ce a kwatanta su da 'yan Nazi, yana tare da masu yin hakan.

Ma'aunin nasa ke nan: mai kwatance ya faɗi takamaimai abin da ya yi kama, ko kalaman da ke mayar da wasu mutane ƙwari da annoba ne, ko dokokin da ke ware wata ƙabila, ko kame 'yan adawa, ya kuma yarda da inda kamannin suka tsaya. Idan ba zai iya ba, zagi yake yi.

Mutumin da ya shafe shekaru a kotu yana kare haƙƙin jama'a na faɗar abin da suke so a intanet bai taɓa neman gwamnati ta hukunta mai kiran wani Hitler ba. Ya bar wannan aiki a hannun masu muhawarar, su tambayi juna abin da suka sani game da sunan kafin su jefa shi.